Layi Tara da Dokta Stidham Ya Ƙi Cirewa

Dokta Hobart Stidham ya yi shekara ashirin da bakwai yana koyar da adabin Amurka a ƙaramar kwalejinmu da ke cikin duwatsun gabashin Kentucky, kuma a duk tsawon wannan zama marubuci ɗaya ya riƙe, wato Asa Rainbolt. Littafi biyar Rainbolt ya bari, Dokta ya ɗauki ɗaya. A cikin ɗayan ma, in ka matsa masa, shafi huɗu ne kawai suka dame shi. Lokacin da aka ɗauke ni ƙaramar malama a sashen, ofis ɗaya aka haɗa mu, tebur biyu, taga ɗaya. Tun makon farko na ƙirga kwafin littafin nan a kan kantarsa, na samu goma sha huɗu, kowanne ya sha jan biro har ya kumbura.

Na ce masa, "Dokta, sayarwa kake yi ne?"

"Kashewa nake yi, Malama Ritchie," in ji shi. "In ɗaya ya mutu a hannuna sai in sayo wani."

Gajere ne, ƙaƙƙarfa, wuyansa kamar kututture. Hannayensa na mahaƙin kwal ne, akwai shuɗin tabo a bayan yatsu uku, irin wanda ƙurar rami ke bari in ta shiga ciwo ta warke a ciki. In ya riƙe alli sai ka ji tsoron allin zai zama gari.

A Tolliver Fork aka haife shi, cikin gidajen katako na kamfanin kwal. Ubansa, Elzie Stidham, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya taɓa samun Hobart yana karatu a bayan murhu lokacin da ya kamata ya faskara itace. Ya fizge littafin ya jefa a wuta, sannan ya naushe shi a kunne har ya kwana biyu yana jin ƙara kamar ta jirgin ƙasa. Yana da shekara goma sha huɗu aka saukar da shi rami. Yana da goma sha shida aka shiga babban yajin aiki.

Kowa a gundumar ya san abin da ya faru a wannan yajin, ba asiri ba ne. Kamfani ya kori masu yajin daga gidaje, suka kafa tantuna a bakin rafi. Wata safiya masu gadin kamfani suka zo da jerin sunaye, suka buɗe wuta kan tantunan da shugabanni ke ciki, ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Mutum uku suka mutu, har da wata mata mai goyo. Kafin la'asar magana ta zagaya cewa Denzil Pruitt ne ya kai sunayen. Denzil gurgu ne a ƙafar hagu, yana kiwon zuma a bayan gida, kuma an gan shi ya fito daga ofishin kamfani. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, har yau ba wanda ya tabbatar.

Washegari suka tare shi a kan gadar katako. Mutum sun kai talatin, kowa da ƙotar diga a hannu. Hobart yana tsaye a bayan ubansa. Elzie ne ya fara, ya sauke masa a gwiwar ƙafar mai lafiya, Denzil ya durƙusa. Na biyu ya samu kafaɗa. Daga nan sai suka rufe shi, ba a ganin komai sai sanduna suna tashi suna sauka, da ƙarar da ɗanyen itace ke yi in ya samu ƙashi. Da suka ja baya, hularsa tana yawo a ruwa, jini yana ɗiga ta tsakanin katakon gadar. An yi shari'a, ba wanda ya ga komai, aka sallami kowa.

A lokacin Asa Rainbolt saurayi ne, ɗan jarida, yana haya a garin. Bayan wasu shekaru ya fitar da littafinsa, Kwarin Baƙin Ruwa, a ciki akwai wani gurgu mai kiwon zuma, sunansa Lemuel, wanda mahaƙa suka kashe a kan gada a babi na goma sha tara. Shafi huɗun da na ce ke nan.

Hobart bai ga littafin ba sai a asibitin soja, a Italiya lokacin yaƙi, yana kwance da guntun ƙarfen bom a cinya. Ya gaya mini sau ɗaya, yana fere fensir, cewa da ya kai babin ya yi amai a kan bargo. Ya sake karantawa, bai yi ba. A karo na uku ya lura cewa jimlolin suna gajarcewa da kowace sanda, har ta ƙarshe ta zama kalma biyu. "A nan ne na fara barci kamar mutum," in ji shi.

Bayan yaƙi gwamnati ta biya wa tsofaffin sojoji karatu, ya tafi wata babbar jami'a a arewa. Can ya faɗa hannun malamai masu wata mazhaba ta tarken adabi da ke tashe a zamanin. Koyarwarsu ita ce, littafi gida ne mai katanga. Wane ne marubucin, me ya gani, wa ya mutu a garinsu, duk wannan a waje yake, ba ruwan mai tarke da shi. Aikinsa ya duba yadda aka jera kalmomi, yadda sashe ke ɗauke da sashe. Wasu sun koyi wannan don su ci jarrabawa. Hobart ya rungume shi da hannu biyu, bai kuma yarda kowa ya taɓa masa katangar nan ba.

Na ga abin da ido. Wani ɗalibi, ɗan wani mahaƙi, ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Dokta, wai gaskiya ne babanka ne mutumin da ya fara duka a littafin?" Hobart ya ɗauki ƙamus, wanda na auna daga baya ya kusa kilo uku, ya wurga. Ya wuce ta gefen kunnen yaron ya fasa gilashin taga, ya faɗa cikin furanni. "Babana ba ya cikin littafin nan," ya ce. "Buɗe shafi na ɗari biyu da shida ka nuna mini Elzie Stidham. Nuna mini!" A wani taron masana a Chicago kuma, wani malami ya zo da muryoyin tsofaffin mahaƙa a faifai, yana cewa Rainbolt ya kwafi rayuwa ne kawai. Hobart ya bi shi har bakin lif, na'urar hawa bene, ya cakumi wuyan rigarsa, ya buga shi da bango sau biyu har tabaransa ya rabu gida biyu. Shugaban kwaleji ya rubuta takardar ban haƙuri, Hobart ya ƙi sa hannu.

Wannan hali ne ya tsayar da shi a matakin tsakiya. Ƙannen bayansa suna zama farfesa, shi yana nan. Muƙala huɗu kawai ya taɓa bugawa, don duk jimlar da bai gamsu da ita ba sai ya yaga shafin gaba ɗaya. Kwamitin ƙarin girma ya ce masa a fili, ya kawo muƙala ɗaya a babbar mujallar masana adabin ƙasar, kujerar farfesa tasa ce. A shekarar 1970 ya gama ta, shafi goma sha ɗaya a kan babi na goma sha tara. Editan mujallar ya karanta ya ce ya karɓa, a fara gabatar da ita a taron shekara na masu nazarin Rainbolt, sannan a buga.

Ni ce sakatariyar taron a wannan shekara, kuma ni na kawo shawarar a kai shi Tolliver Fork, tunda za a buɗe gidan da Rainbolt ya zauna a matsayin gidan tarihi. Har gobe ina ganin shawara ce mai kyau. A birni mukan samu mutum arba'in in an yi sa'a. A can na aro zauren cocin Baptis, na jera kujerun ƙarfe ɗari da arba'in, na sa matan coci su dafa wake da burodin masara na mutum ɗari da sittin, na kuma aika wa jaridar gunduma taƙaitaccen bayanin kowace muƙala. Jaridar ta buga na Dokta Stidham a shafin farko, tunda ɗan gida ne.

Da safen ranar muna karin kumallo a ɗakin cin abinci na bakin titi, shi da ƙwai biyu da kofi, ni ina duba jerin masu magana. Sai wani dogon mutum mai kayan aikin gareji ya ja kujera ya zauna a teburinmu ba sallama. Clell Pruitt ne, babban ɗan Denzil. Yana da shekara tara aka kashe ubansa.

"Ɗan Elzie, an zama manya," in ji shi. "Har da laktaye. Ba ya shaƙe ka?"

"Clell. Yaya Mama?"

"Tana nan daram. Za ta zo ma, ta sa an goge mata rigar coci. An karanta mata jarida, ka gane." Ya ciro guntun jaridar daga aljihu ya shimfiɗa a kan tebur da yatsa mai baƙin mai. "Wannan wurin. Ka cire shi. Sauran surutun ka yi abinka, ba mai ganewa ma."

"Ban ambaci mahaifinka ba. A kan Lemuel nake magana. Lemuel mutumin takarda ne."

"Na takarda. To. Gurgu ne?"

"Gurgu ne."

"Yana da zuma a bayan gida?"

"Yana da ita."

"A kan gada aka fasa masa kai?"

Hobart ya kurɓi kofi. "A cikin littafi, e."

"Kai, boko ya yi maka illa, wallahi. Ubanka ya fi ka mutunci, shi bai taɓa cewa abin ya yi kyau ba." Clell ya zuƙi tabarsa, ya kashe ta a tsakiyar ƙwan Hobart, ya murza har kwaiduwar ta fashe. "Ka faɗi wannan a gaban uwata, ka ga abin da takarda ke yi wa mutum. Malama, a yi haƙuri, na ɓata muku ci."

Da ya fita na karɓi muƙalar na nemo wurin, na ƙirga. Layi tara ne. Na ce, "Dokta, layi tara cikin shafi goma sha ɗaya. Ka tsallake su yau, a mujalla a buga da su. Wa zai sani? Ni da kaina zan ja musu layi da fensir."

"In na cire taran nan, sauran tsumma ne," ya ce. "Kuma ba ƙarya na rubuta ba. Wanda bai iya bambanta mutum da jimla ba, ba ni zan gyara masa karatu a kan titi ba." Ya ture farantin, ya nemi a ƙara masa kofi.

Zauren ya cika har da na tsaye. Masana suna gaba, su talatin da takwas, da jakunkunan fata a kan cinya. Mutanen gari suna baya, maza sun cire huluna kamar ranar Lahadi. A layi na ƙarshe na hango wata tsohuwa ƙarama cikin baƙar riga, da sanda tsakanin gwiwoyi. Ora Pruitt ke nan, matar Denzil. Clell yana damanta, ƙaninsa Royce yana hagunta, dukansu sanye da dogayen kwat duk da ana zafi.

Ƙa'idar taronmu ba ta canzawa. Kowane mai magana minti ashirin gare shi, ba a katse shi ko da ya zagi kakanka, in lokaci ya cika ni ke kaɗa ƙararrawa, sannan a yi tambayoyi. Mun saba da wannan har ya zama mana kamar numfashi. Mutum biyu suka yi nasu, 'yan gari suna gyangyaɗi. Sai Hobart ya hau, ya gyara tabarau, ya fara.

Kada in rage masa, muƙalar ta yi kyau. Ya nuna yadda ƙarar ƙudan zuma ke bin Lemuel tun babin farko, yadda take komawa ƙarar taron mutane a kan gada. Masana suna gyaɗa kai, editan mujallar da ke layin gaba yana rubutu a gefen takarda. Ina kallon shafukan suna raguwa a hannunsa, na san inda muka dosa. Da ya juya shafi na takwas ya ɗaga kai, ya dubi layin ƙarshe, ya kuma ƙara murya.

"Mutuwar Lemuel wajibi ce," ya karanta. "Tsarin labarin ya nemi jininsa tun shafin farko, kuma da an bar shi da rai da littafin ya rushe. Kowace sanda tana sauka ne daidai inda jimla ke bukatar numfashi. Wannan shi ne kisa mafi kyau da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan, mai karatu na ƙwarai kuwa yakan rufe babin yana godiya."

Kujera ta faɗi a baya. Clell da Royce suka taho ta tsakiyar zauren ba gaggawa, kowanne ya zaro ƙotar diga daga cikin kwat. Wani dattijon farfesa daga Boston, wanda ke shugabantar zaman, ya ɗaga yatsa ya ce, "Bayin Allah, tambayoyi sai a ƙarshe." Royce ya ture shi da gwiwar hannu, ya tafi da teburin ruwa gaba ɗaya, kofuna suka tarwatse.

Hobart bai gudu ba. Ya ajiye takardun, ya cire tabarau, ya kai wa Clell naushi a baki, mai kyau kuwa, don na ji haƙori ya haɗu da haƙori. Shi ke nan abin da ya samu. Royce ya zagayo ta baya ya sauke masa sanda a bayan gwiwa, ya durƙushe. Clell ya tofar da jini.

"A nan jimla ke numfashi, Dokta?" Ya sauke masa a kafaɗa. "Ko a nan?" Ta uku ta samu hannun da ya ɗaga don kare kai, ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen reshe. Ta huɗu a haƙarƙari. Ta biyar ta tsaga masa gira ta sauko kan baki, jini ya fantsama har kan takardar da ke gabana. Mata suna ihu, kujerun ƙarfe suna kifewa, masana suna tattake juna a bakin ƙofa, wani ya bar takalmi ɗaya. Mazan gari kuwa ba wanda ya motsa. Sun tsaya jikin bango da huluna a hannu suna kallo, wasunsu tsofaffi ne da suka san gadar nan da kyau.

"Ka yi godiya mana!" Clell yana ihu. "Ba ka ce ana godiya ba? Yi godiya, ɗan banza!" Ya ɗaga ta shida da hannu biyu, saitin tsakiyar kai.

Sanda ta bugi daɓe a bayan zauren, sau ɗaya. "Clell," in ji tsohuwar. "Ya isa. Ajiye." Bai ajiye nan take ba. "Na ce ajiye. Ku fita ku jira 'yan sanda a waje kamar mutane." Suka jefar da ƙotocin, suka fita, suka zauna a kan matakalar coci. Ta taga na ga Royce yana kunna wa wansa taba.

Na ruga na tallafi kan Hobart, ina kiran a kawo mota. Ya ture ni. Ya kama ƙafar teburin jawabi da hannun hagu, ya ja jikinsa sama a hankali, ya tofar da haƙora biyu a tafin hannu ya zuba a aljihun kwat. Hannun dama yana lilo ta inda babu gaɓa.

"Malama Ritchie, saura nawa?"

"Dokta, don girman Allah..."

"Saura nawa?"

Na dubi agogo. "Shida."

Ya tattara shafi ukun da suka rage, ya share jinin da ke kansu da laktaye, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kalmomin suna fita da iska ta gurbin haƙoran, yana tsayawa ya ja numfashi duk bayan layi biyu saboda haƙarƙarin. Na waiwaya na ƙirga waɗanda suka rage, mutum talatin da ɗaya, masana biyar ne kawai a ciki. Ya kai ƙarshe. Na kaɗa ƙararrawa. Kuma saboda sabo, bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa: "Akwai mai tambaya?"

Tsohuwar ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Ni karatuna bai yi nisa ba, Hobart," ta ce daga inda take zaune. "Amma an karanta mini littafin nan tun yana sabo. Wannan Lemuel naka, yana da mata?"

"Ba shi da ita, Mama."

"'Ya'ya fa?"

"Ba shi da kowa. Shi kaɗai yake zaune da zumarsa."

"To ai Asa ya san mu. Ya ci wake a teburina ya fi a ƙirga, ya ɗauki Clell a wuya. Ya sa gurguntar, ya sa zumar, ya sa gadar. Me ya hana ya sa yaran? Kai ne malamin abin, gaya mini."

Hobart ya tsaya yana tangaɗi, jini yana ɗiga daga haɓarsa kan takarda. Na san wannan fuskar, ita yake yi in ɗalibi ya yi tambayar da ta cancanci amsa. Sannan ya ce, "Don in da ya sa su, Mama, ba mai iya karanta shafin nan ya ji daɗinsa."

"To," in ji ta. "Yaran namu biyar ne a ranar. Na shida ina ɗauke da cikinsa." Ta dafa sanda ta miƙe. "Ku kai shi asibiti, yana ɓata wa coci daɓe."

A motata na kai shi, yana kwance a kujerar baya da tawul a fuska. Na zaci zagi zan ji ko nishi. Sai na ji yana magana da rufin mota. "Shekara goma sha takwas ina nazarin abin da mutumin nan ya sa. Ban taɓa duba abin da ya cire ba. Ke kin san wannan ma aikin hannu ne? Ya yanke su da gangan, kamar mahauci, don shafin ya tsaya. Yi sauri, Malama, kafin in manta."

Ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa, haƙarƙari uku sun karye, hannun kuwa bai sake miƙewa daidai ba. Ya ƙi shigar da ƙara, amma hukuma ta shigar da tata, aka ɗaure Clell wata takwas, Royce huɗu. Dokta yana kwance ya fara shifta mini ƙari a kan muƙalar, ni ina bugawa a keken rubutu. Shafi uku ne. A ciki ya nuna wurare bakwai a littafin inda gidan Lemuel ya yi shirun da bai dace ba, gado babba ga mutum ɗaya, tebur mai kujeru da yawa, ya ce a nan aka yanke yaran, tabon yana nan ga mai ido. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya rubuta sunan Denzil Pruitt, da na Ora, da na 'ya'yan shida ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To yanzu sai mu cire layi taran, ko?"

"A kan me? Kisan yana nan mafi kyau. Yanzu ne ma na san da me aka saye shi. Bar su."

Muka aika shafi goma sha huɗu. Editan ya bugo waya ofis, ina zaune ina jin muryarsa tana fita daga kan wayar. Ya yi jaje, ya yaba ƙarfin hali, sannan ya ce shafi goma sha ɗayan farko za su fito a bugu na gaba, amma ukun ƙarshe tarihin ƙauye ne, ba tarke ba, kuma shi Dokta ya fi kowa sanin haka, tunda shi ya fasa wa mutum tabarau a kan wannan magana.

"Duka ko babu," in ji Hobart.

"Haba Hobart, kujerarka ce fa a kan layi. Ka cire ukun kawai."

"An karya mini hannu a kan in cire tara ban cire ba. Kai da me ka zo?" Ya kife wayar da ƙarfin da ya tsaga ta.

Na gwada masa mujallu shida bayan wannan. Masu bin tsohuwar mazhaba suka ce a cire shafi ukun. Sababbin da suka fara tashe, masu cewa adabi duk siyasa ne, suka ce a cire layi taran, don ba za su buga mutumin da ke kiran kisa kyakkyawa ba. Kowa ya samu amsa iri ɗaya. Iyalin Pruitt ma ba su sauko ba. Ya aika wa Ora kwafi, ya dawo ba a buɗe ba. Da Clell ya fito ya gamu da shi a bakin shagon kayan gini, ya tofa masa yawu a takalmi, ya wuce. A wannan kaka aka jefa bulo ta gilashin motarsa sau biyu.

Bai zama farfesa ba. Ya ƙara shekara tara yana koyarwa a matakinsa, yana rubutu a allo da hannun hagu, rubutun kamar tafiyar kaza. Duk shekara in an kai babi na goma sha tara yakan karanta wa aji muƙalar gaba ɗaya, shafi goma sha huɗu, ba ya tsallake layi. Kusan kullum sai ajin ya rabu biyu, ana buga tebur, sau ɗaya har aka ba hammata iska a baranda, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, bai raba ba.

Ciwon huhu ne ya ɗauke shi, ƙurar ramin da ya shaƙa tun yana yaro. An binne shi a Tolliver Fork, a kan tudu, kusa da ubansa. Na ƙirga mutum arba'in da uku a bakin kabarin, yawancinsu tsofaffin ɗalibai. Babu ko ɗaya daga gidan Pruitt, babu ko ɗaya daga mujallar.